Guntun Katakon Kawu

Akwai wani mai walda da mutanen ƙauyensu ke kira Injiniya. Shi ya rubuta wa kansa sunan a ƙofar shago, ranar da ya dawo daga birni da takardar koyon sana'a. Hannunsa na da kyau, wannan ba a musu. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ba shi ya yi ba, a ganinsa ba a yi daidai ba.

A bayan ƙauyen akwai rafi mai gangarowa daga dutse. An tare ruwan, an bi da shi ta cikin wani ƙaton bututu, a ƙarshensa kuma akwai farfela mai fikafikai shida. Ruwa ya juya farfela, farfela ta juya inji, inji ya ba ƙaramin asibitinsu wuta. Da wannan wutar firijin allurar rigakafin yara ke aiki.

Shekara goma sha ɗaya kawun Injiniya ke kula da injin. Da za a kai shi birni aikin ido, sai ya miƙa masa makullin ɗakin.

"Ɗana, ciyawar da ke taruwa a bakin bututu kawai za ka riƙa kwashewa. Farfela kuwa, ka bar ta yadda ka gan ta."

"Haba Kawu, ni za a koya wa ƙarfe?"

Ko kwana biyu bai iya daurewa ba. Ya datse ruwa, ya buɗe murfi, ya ga fikafikan nan duk sun karkace gefe guda. Ya girgiza kai, ya ce ƙarfe ya gaji ya lanƙwashe, tsoho kuma bai gani. Ya ɗauko wuta da guduma, ya rage musu karkatar har suka kusa miƙewa.

A lungun ɗakin ya tsinci wani guntun katako mai gefe ɗaya a zame, ya yi sumul don yawan riƙo. Ya tafi da shi ya tokare ƙofar shagonsa da iska ke bugawa.

Da ya saki ruwa, ƙara ta fi ta da, har ya ji daɗi. Amma farfela sai juyin kasala take yi. Ya ce wa kansa rafi ne ya ja baya.

Kwana uku bayan haka malamar asibiti ta zo shagon ranta a ɓace. Firiji ya daina sanyi, allurai sun lalace, ta sallami mata da goyonsu ba a yi wa ko ɗaya ba.

Mazauna bakin shagon suka ɗauka. "Tsohon nan ido ya ƙare, ya tafi ya bar mana inji a lalace."

Injiniya ya buɗe baki, ya sake rufewa. Wannan shirun ya fi gudumar ɓarna. Kafin mako ya zagayo, dattawa sun yanke cewa makulli ya zauna a hannun Injiniya.

Kawu ya dawo da ido ɗaya a naɗe. Ya ce a kai shi ɗakin injin. Aka datse ruwa, ya sa hannu ya shafa fikafikan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kai. Sannan ya goge hannu a riga.

"To, Allah ya taya shi riƙo," ya ce, ya koma gida.

Daga ranar abinci ya daina yi wa Injiniya daɗi. Sau uku yana ƙoƙarin mayar da karkatar da ido, duk lokacin sai injin ya kama rawa kamar zai tsinke. In ya bi ta ƙofar gidan Kawu da hantsi, lokacin da tsohon ya saba gangarawa rafi, sai ya gan shi zaune a kan tabarma shi kaɗai. Har majalisar abokansa tsohon ya daina zuwa. Kunya da nadama suka hana Injiniya sakat.

Rannan ya kasa wucewa. Ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Kawu, ku gafarce ni. Ni na taɓa farfela."

"Na sani tun da na shafa. Tsatsa ba ta barin sawun guduma."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Kai ɗan ƙanwata ne. In na faɗa, wa zai sake kawo maka aiki?" Sannan ya tambaya, "Ina katakona?"

Injiniya ya miƙe. Da gudu ya je ya zaro shi daga ƙarƙashin ƙofa.

A ɗakin injin, Kawu ya jingina katakon a gindin fiffike. "Ka gani? In ya miƙe, ruwa dukansa kawai yake yi, ya cunkushe. In ya kwanta da yawa, ruwa ya zame ya wuce abinsa. A nan ne ruwa ke ture shi. Damina biyu ina gwadawa kafin na gano wannan karkatar, sai na sassaƙa ta a katakon nan don kada na manta."

Suka gyara duka shidan a kan katakon. Ƙara ta ragu, farfela ta ɗauki gudu.

Ranar da aka kawo sabbin allurai, Injiniya ya tsaya a ƙofar asibiti, gaban dattawa da mata masu goyo, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba. Ya miƙa wa Kawu makulli da hannu biyu.

Kawu ya karɓa, ya ba shi katakon. "Ka fara da wannan tukuna."

Akwai lotsawa a bayan katakon, inda ƙofar shago ta yi ta cinsa. Har yau in ya ɗauko shi zai yi awo, a nan babban yatsansa ke sauka.

Darasi: Kada ka miƙe abin da ka tarar a karkace sai ka tambayi wanda ya karkata shi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun kafin a ɗora wa wanda ke rufa maka asiri. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wanda guduma ke hannunsa yanzu haka.