Ƴar Baba da Rabin Faranti

Akwai wani mai gyaran takalma da ya yi suna a layinsu da abu biyu: ɗinki mai ƙarko, da kafa doka.

Kafin in ci gaba, ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna cewa hoton da na sa a shafin nan na zamanin samartaka ne, na gani, na kuma yafe. Ba laifina ba ne idan tsufa ya zo ya kalli fuskata ya ji kunya ya juya. Mu koma kan mai takalma.

Mutumin ba mugu ba ne. Abin da ya tsana a duniya shi ne ɓarna. Ko guntun fata ne ya faɗi a shago sai ya tsince shi ya jefa a gwangwani, ya ce wata rana zai yi amfani. Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Ƴarsu ɗaya, ba ta isa shiga makaranta ba, kowa Ƴar Baba yake ce mata.

Sai kuma kare. Ƙanin mai takalma, wani bakanike, shi ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo don ya riƙa tsaron gida. Aka sa masa suna Maigadi. Bakin yarinya bai iya ɗaukar sunan duka ba, ta yanke shi ya koma Gadi.

Ranar da aka kawo shi mai takalma ya yanka fata mai kyau ya yi masa bel na wuya, ya huda da basilla, ya ɗaura masa. Sannan ya miƙe ya kafa doka:

"Ku saurara. Ba a dafa wa kare abinci a gidan nan. Abin da aka ci aka rage, shi ne nasa. In ba a rage ba, ya haƙura."

Matar ta ce, "To, Maigida." Yarinya tana zaune a ƙasa tana wasa da murfin kwalba. Babu wanda ya lura ita ma ta ji.

Tsaron gida dai Gadi bai taɓa yi ba. Aikinsa ɗaya, bin Ƴar Baba. In ta farka yana bakin ƙofa. In ana mata wanka tana ihu, yana waje yana taya ta. In ta jera gwangwanayen madara ta buɗe kanti, shi ne mai saye, kuma kullum sai ta ce masa kaya sun yi tsada, ya je ya dawo. Ta taɓa ɗaura masa ƙyallen da ya rage a ɗinkin uwarta, ya yini da shi a ka bai yi ƙorafi ba. Da rana in barci ya ɗauke ta a tabarma, sai ya kwanta daga gefe inda rana take shigowa.

Matsala ta fara ne a wajen cin abinci. Mai takalma ba ya rage komai, faranti yake sharewa tas. Matarsa ma ta koya. Ƴar Baba ce kawai take cin rabi ta ture sauran.

"Cinye mana," in ji uwar.

"Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Loma nawa kika yi? Buɗe baki."

Ranar da aka matsa mata ta cinye, sai ta kalli farantin, ta kalli Gadi, ta fashe da kuka. Uwar ta ce rigima ce irin ta yara.

Bayan ƴan kwanaki yarinya ta fito da sabon tsari. Ta ce ita a bayan tankin ruwa za ta riƙa cin abincinta, can ya fi iska. Ta ɗauki faranti ta tafi, Gadi na biye. Jim kaɗan ta dawo da shi wayam.

Uwar ta yi murna har da gaya wa masu kawo ɗinki. "Ƴata yanzu ko ƙwayar shinkafa ba ta bari. Dabara ce kawai, yaro iska yake so."

Mai takalma ya ce, "Tarbiyya ce. Jinina ce, ba ta san ɓarna ba."

Aka yi ta tafiya a haka. Wata rana ya ga bel ya matse wuyan Gadi, ya ɗauko basilla ya ƙara huji. Ba a daɗe ba ya sake ƙara wani. Yana yi yana yabon kansa a gaban matarsa: "Kin gani ko? Ragowa kawai, amma dubi wuya."

A falo kuwa matar tana rage wa yarinya riga. Rigar da ta ɗinka mata daidai jiki, yanzu kafaɗa na zamewa. Ta ce ai tsawo take yi, shi ya sa.

Shi yana ƙara huji, ita tana rage riga, gida ɗaya, babu wanda ya haɗa biyun. Da ni ne, da tun hujin farko na gane. Amma ba kowa aka ba irin kaina ba, kuma ba na gori.

Nas ce ta tayar da maganar ranar da aka kai yarinya awo asibiti. Ta ɗora ta a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa.

"Maman yarinya, ƴarki baya take yi. Tana cin abinci kuwa?"

"Ci? Har faranti take sharewa."

"A gabanki?"

Sai a lokacin uwar ta tuna da bayan tanki.

Da rana ta zuba mata shinkafa da wake da yankan nama, ta bar ta ta tafi, sannan ta bi ta a hankali ta leƙa bayan tanki. Ga Ƴar Baba zaune a kan bulo. Ta raba abincin biyu da cokali. Ta ci nata ɓangaren, Gadi na zaune yana kallonta, ko motsi bai yi ba. Da ta gama sai ta jawo wani tsohon murfin tukunya ta juye masa sauran, har da naman.

"Ci a hankali," in ji ta, da muryar uwarta. "Ba wanda zai ƙwace maka."

Da mai takalma ya dawo ya ji labari, bai tambayi kowa komai ba.

"Ashe ɓarawo nake kiwo! Yana tsare min yarinya da ido har ta ba shi abincinta. Gobe zai koma inda ya fito."

Washegari ya ɗaura masa igiya ya kai shi garejin ƙaninsa. Ƴar Baba ba ta yi birgima ba, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a ƙofa riƙe da murfin tukunyar nan har suka sha kwana.

Ku da kuke jira ɓarayi su shigo gidan a rasa mai haushi, ko gobara ta tashi kare ya dawo a guje ya ceci kowa, ku je wani shafin. Babu abin da ya faru. Gida ya yi tsit, shi ke nan.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Aka dawo da yarinya cin abinci a falo, a gaban uwarta, amma rabi take ci. Sauran sai ta rufe da murfi ta kai bakin ƙofa ta ajiye. Aka sayo maganin cin abinci, ta sha, ta ci rabi. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, aka yi alkawarin sabon takalmi mai fitila. Rabi. Daga baya ma rabin ya fara raguwa. Ta daina buɗe kanti. Uwar ta sake ɗauko rigar nan za ta rage, ta riƙe ta a hannu, ta kasa ɗora ta a keke.

"Maigida, yarinyar nan fa ƙarewa take yi."

"Za ta manta. Yara ba sa riƙe abu."

Wata rana da yamma ya dawo daga shago ya kusa taka farantin a bakin ƙofa. Ya ɗauka ya buɗe. Burodi ne da ƙwai, an gutsiri gefe ɗaya. Ransa ya ɓaci, ya shiga da shi a hannu.

"Ke, zo nan. Wannan ɓarnar ta mece ce? Karen ba ya nan. Wa kike ajiye wa?"

Ta zo ta tsaya a gabansa tana murza bakin riga.

"Baba, Baffa yana da yara?"

"Ba shi da su. Me ya kawo wannan?"

"To wa yake rage wa Gadi?"

"Rage masa me?"

"Kai ka ce ba a dafa masa. Ka ce in ba a rage ba ya haƙura. Kai ba ka ragewa, Mama ba ta ragewa." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ni kaɗai ce."

Keken ɗinki ya tsaya. Mai takalma ya mayar da ido kan farantin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallon burodin.

Da safe bai buɗe shago ba, gareji ya nufa. Ya tarar da Gadi kwance ƙarƙashin wata mota da aka cire wa tayoyi. Bel ɗin nan mai huji da yawa yana lilo a wuyansa.

Bakanike ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Yaya, gara da ka zo. Wannan karen naka wane irin ɗan gata ne? In zuba masa abinci, sai ya zauna yana kallona kamar ni zan fara. Har na ce ko so yake in kawo masa cokali."

"Jira yake a ci a rage masa."

"Wa zai ci a kwanon kare? Ni?"

"Kwance min shi kawai, ka cika surutu."

Da suka shigo layi, Gadi ya fizge igiya. Ƴar Baba tana bakin ƙofa. Abin da ta fara ce masa shi ne, "Ina ka je? Kanti a rufe tun da ka tafi."

A hanya mai takalma ya sayi kwano sabo. Da aka sauke abinci ya karɓi ludayi da kansa, ya kira yarinya ta tsaya ta gani. Ya cika kwanon, ya ajiye a gindin tanki. Sannan aka zuba nata.

"Wannan nasa ne. Wannan naki ne. Kowa ya cinye nasa."

"Ko ban rage ba zai ci?"

"Ko ba ki rage ba."

"Gobe ma?"

"Kullum."

Ta zauna a kan bulonta. Gadi ya zauna gaban kwanonsa yana kallonta. Sai da ta kai cokali baki sannan ya sunkuyar da kai. Ta ci, ta leƙa kwanonsa, ta ci, ta sake leƙawa. Da ta gama ta miƙa wa uwarta faranti wayam, ta ce, "Akwai saura?"

Matar ta dubi mijinta. "Maigida, ina doka?"

"Doka tana nan. Gyara na yi mata. Ai gyara sana'ata ce."

Ba a daɗe ba aka warware ɗinkin rigar nan, aka mayar da ita yadda take tun farko.

Darasi: Maganar da ka faɗa a tsaye ka wuce, yaro a zaune yake ɗaukarta, ya yi ta aiki da ita kai ka manta. Kafin ka yanke hukunci kan abin da yaro yake yi, tambaye shi dalili, ka kuma tsaya ka ji amsa. Dabbar da ka ajiye a gidanka kuwa, cikinta yana wuyanka, kada ka bar wa ƙaramin yaro nauyin tausayin da kai ya kamata ka ɗauka. Ku tura wa iyaye da masu kiwo su karanta. Masu kwashe labarina su goge sunan shafi kuma, ina ganinku, ko ragowar yabo ku riƙa rage min.