Tukunyar da Nomau Ya Ciyar

An yi wani mutum, bawan Allah, sunansa Nomau, a wani gari can arewa, zamanin da Faransawa suka fara kafa gidaje. Ni mai ba ku labarin, in aka ba ni ajiyar goro ba ya kai la'asar, don haka ku saurara, ba kaina nake yabo ba.

Nomau shi ke hura wuta a gidan burodin wani Bafaranshe, Mushe Ferran. Uban Mushe burodi ya gasa, kakansa ma burodi. Gadon gidansu kuwa ba gona ba, ba raƙumi ba, wata tukunya ce ta ƙullu mai tsami da suke kumbura burodi da shi tun zamanin kakan. Har cikin jirgin ruwa ya rungumo ta.

Da aka kira Mushe yaƙi a ƙasarsu, ya bar wa Nomau tukunyar da buhunan garin alkama. Ya ce, "Kullum ka kwashe rabi ka zubar, ka ƙara gari da ruwa. In ta ji yunwa, mutuwa za ta yi."

Sai ruwan sama ya ɗauke. Rumbuna suka zama fayau. Matar Nomau, Tasalla, ta ce, "Maigida, mu muna dafa ganye, tukunya tana cin alkama?"

Ya ce, "Garinta ne, ba namu ba."

Kullum gari da ruwa, jama'a, kullum gari da ruwa. Maƙwabcinsa Arzika ya leƙo ta kan darni ya gani, ya garzaya wurin liman: Nomau yana ciyar da tsafin Nasara. Liman ya ce in ta tabbata, ba shi ba shiga sahu a masallaci, ba mai yi masa salla ran da ya mutu.

Aka taru a ƙofar gidansa. Nomau ya fito da tukunyar, ya buɗe. Abu ga shi yana kumfa, yana tasowa, yana sauka. Mutane suka ja da baya suna salati. Arzika ya ce, "Allah gafarta malam, numfashi fa take yi."

Nomau ya faɗi yadda aka ba shi amanar. Liman ya toshe hanci ya ce, "To, rabin da kake kwashewa, wa kake kai wa?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Daga bayan zana Tasalla ta amsa: "Tanda yake kai wa, ni nake toyawa. A tambayi Arzika wainar wa 'ya'yansa ke ci kowace safiya. In bai sani ba, jikokin malam sun sani."

Iyaye maza suka kasa duban juna. Liman ya yi tari, ya yi tari, ya ce a rufe tukunyar kada ƙura ta shiga.

To, kun ji. Amana ba sai ka gane amfaninta kake riƙe ta ba, kuma ba sai mai ita ɗan'uwanka ne ba. Abin da aka ba ka ajiya ka tsare, abin da aka yafe maka ka ciyar. Kai kuma mai leƙen darni, kafin ka kai ƙarar maƙwabcinka, fara tambayar yaranka inda suke karyawa.

Shi kuwa Mushe Ferran, yaƙi ya ƙare yana lafiya lau. Ya auri 'yar wani baduku a can, ya koma ɗinkin takalma.