Je Ka Ɗauko Takalminka

Akwai wata mace a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, tana da 'ya'ya biyu ƙanana. Babban namiji ne, sunansa Habila, bai kai shiga makaranta ba tukuna. Ƙaramar kuwa, Keziya, tana goye. Macen nan ba malalaciya ba ce. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta dama kunu, ta wanke tsummokaran jaririya ta shanya a kan danga. In yaro ya yi zazzaɓi ba ta runtsawa. In tuwo ya kasa, ita ce mai cewa ta ƙoshi. Kowa a ƙauyen ya san tana ƙaunar 'ya'yanta.

Amma tana da wata dabara, wadda ita ma a wurin tata uwar ta gada. Habila yaro ne mai ƙulafucin uwa. Da ya ga ta gyara ɗaurin zane ta ɗauki kwando, sai ya riƙe gefen zanen, ya ce zai bi ta. Ita kuwa sauri take, ga kasuwa da nisa, ga goyo a baya. Sai ta shafa kansa ta ce, "To, je ka ɗauko takalminka mu tafi."

Yaro ya ruga ɗaki da murna, ya shiga laluben ƙarƙashin gado. Kafin ya fito ta zare jiki ta bi ta bayan rumbu. Sai ya tsaya a ƙofar gida, takalmi a hannu, yana kuka har muryarsa ta dushe. Ba na jin akwai uwar da za ta ce ba ta san wannan dabara ba. Wata ma tana murmushi yanzu, domin jiya ta yi ta.

Wata rana surukarta, wato kakar yaron, ta ce mata, "'Yar nan, yaron nan fa ajiyewa yake yi."

Ta ce, "Haba Inna, yaro ne. Kafin in dawo ya manta. Ƙuli-ƙuli ɗaya ya wanke laifin."



Habila bai manta ba. Ya daina rabuwa da takalminsa. Da shi yake cin tuwo, da shi yake wasan ƙasa, in zai kwanta ya yi matashi da shi. Mutanen gida suka yi ta dariya, suna ce masa mai takalmi. Da uwar ta ga dabarar ta mutu, sai ta sake wata. Ta riƙa zaunar da shi a kan turmi tana cewa, "Zauna nan, yanzun nan zan dawo in ɗauke ka." Ba ta dawowa sai kaji sun shiga akurki.

Ana nan, da damina ta yi tsakiya, tsohuwa ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, maigida kuma yana gona mai nisa. Macen tana bukatar kuɓewa daga 'yar gonarta da ke hayin rafi, ba kuwa wanda za ta bar wa Habila. Dole ta tafi da su duka biyu. Da suka haye, ruwan bai wuce idon sawu ba, yaron ma da ƙafarsa ya taka.

Ko ɗigo bai sauka a gonar ba, amma can kan duwatsu an kwarara ruwa mai yawa. Da ta juyo gida, sai ta tarar rafin ya kawo, jajawur, yana jan itatuwa da karare. Ta duba, ta ga ƙaruwa yake yi. In ta jira, za su kwana a daji da jaririya. In ta ɗauki yaran biyu a lokaci ɗaya, ba ta da hannun da za ta kare kanta da shi. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Ta ajiye kwandon, ta ɗora Habila a kan wani babban dutse da ruwa ba ya kaiwa. Ta durƙusa, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce, "Habila, ka ji ni da kyau. Zauna nan. Zan kai ƙanwarka hayi, yanzun nan zan dawo in ɗauke ka."

Wannan karon gaskiya ta faɗa, da dukan zuciyarta.

Ta ɗaga jaririyar a kafaɗa, ta shiga ruwa. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Da ƙyar ta dafa gaɓar hayi. Tana ajiye Keziya a kan ciyawa ta waiwaya, sai ta ga babu kowa a kan dutsen. Yaron ya sauko ya biyo ta, ruwa kuwa ya riga ya ɗauke shi.

Ta ƙwalla ihu, ta bi gaɓa da gudu, ƙaya tana yagar ƙafafunta ba ta ji ba. Allah cikin jinƙansa ya sa saiwar wani ɓaure da ke bakin rafin ta kama rigar yaron. Ta faɗa ruwan, ta fizgo shi, ta kwantar da shi rubda ciki tana danna bayansa, tana kiran sunan Ubangiji. Sai ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido.

Da ta ga yana numfashi, tsoron ya juye ya zama fushi. Ta ɗaga hannu za ta mare shi, ta ce, "Ban ce ka jira ni ba? Ban ce zan dawo ba?"

Yaron ya miƙo mata abin da ya ƙanƙame a ƙirjinsa, wanda duk ƙarfin ruwan bai ƙwace ba. Ya ce, "Mama, ai ga takalmina. Don me kika tafi kuma?"

Hannunta ya sauka. Ta zauna a cikin taɓo, ta rungume shi, ta yi kuka mai zafi.

Tun daga ranar, in za ta fita takan ce, "Yau ba da kai zan tafi ba. Zan dawo kafin a ɗaure awaki." Yakan yi kuka, ita ma abin yakan yi mata ciwo, amma takan dawo kafin a ɗaure awakin. Sai da kaka ta wuce, rani ya yi nisa, sannan wata safiya ta ga takalmin yashe a bakin ƙofa, mai shi yana can yana wasa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Macen ita ce ni da ku, duk wanda Allah ya danƙa wa yaro amana, uwa ko uba. Takalmin shi ne 'yar ƙaramar ƙaryar da muke yi don mu huta da kukan yaro, wadda ba ma ko lissafa ta cikin zunubi. Rafin kuwa shi ne ranar wahala, wadda ba ta sallama kafin ta zo. Dutsen nan shi ne maganarki. A kanta ɗanki zai zauna ya tsira, in ba ki riga kin farfasa ta da hannunki ba.

Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma wadda aka shuka a zuciyar yaro tana yi, kuma mai shukar ce ke girba. Wannan abu yana ba ni tsoro, domin kukan yaro na ɗan lokaci ne, rashin yarda kuwa yana iya bin sa har furfura. Gara ya yi kuka a kan gaskiya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ubangijinmu Yesu ya bar mu a wannan gaɓa da alkawarin zai komo ya ɗauke mu, shi kuwa bai taɓa zare jiki ta bayan rumbu ba. Wata rana za ki zaunar da ɗanki ki faɗa masa haka, ki ce ya jira, ko ruwa ya kai ina. Ki sani, da kunnen da ya ji maganar takalmi, da shi zai saurare ki.