Kyanwar da Ta Rantse da Ganye

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi, ba zan maimaita masa ba.

An yi wata kyanwa mai gadin rumbun Gwaggo Tabawa. Ta haihu, 'ya'ya uku, duk suna shan nono. Saboda ita ɓeraye ko ƙwayar gero ba sa samu.

Ran nan sai babban Ɓera ya leƙo daga rami, ya ce, "Barka da arziki, Uwar Gida. Amma kin dubi Akuya kuwa? Jiki sumul, ba ciwo ba tari. Ganye kawai take ci. Ganye tsarki, nama ƙazanta."

Yanzu don Allah, ɓera ne zai koya wa kyanwa cin abinci? Amma wawiyar nan ta dubi Akuya, ta dubi kanta, ta ce, "Na rantse, ni da nama har abada. Ko nono, ko ƙwai, ko fara."

Mako na farko ta ci zogale. Gwaggo ta miƙo mata kan kifi.

Ta ce, "A'a, Gwaggo. Ganye tsarki, nama ƙazanta."

Gashinta ya fara zuba.

Mako na biyu ta ci rama. Gwaggo ta zuba mata kindirmo a ƙoƙo.

"A'a, Gwaggo. Ganye tsarki, nama ƙazanta."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ke mai jego ce fa! Me za ki ba 'ya'yan nan, ruwan rama?"

Ƙafafunta suka fara rawa. In ta miƙe sai jiri.

Mako na uku ta ci yakuwa, har haƙoranta suka mutu. Ita kanta Akuya abin ya ishe ta. Ta ce, "Ke ƙawata, ni da kike gani kwana nake ina tuƙa, cikina ba irin naki ba ne. Duk da haka sai na lashi kanwa, 'ya'yana kuma nono suke sha. Wa ya ce ki kwaikwaye ni?"

Kyanwa ta kau da kai, ta ce hassada ce. Kai, taurin kai bai yi ba!

Nono ya ƙafe ƙaf. 'Ya'ya suka rame, kukansu ma ba ya fita. Sannan dundumi ya kama ta: da rana ta faɗi, sai duniya ta rufe mata.

Wata magariba ta ji kaya-kaya a gindin rumbu. Ɓeraye ne suke jidar gero a gabanta, har da waƙa. Can sai ta ji Auta, ƙaramin ɗanta, ya tsala ihu. Sun kama wutsiyarsa suna gwaguya. Ta yi tsalle wajen kukan, ta faɗa kan turmi. Ta sake tsalle, ta rungumi tsintsiya. Ɗanta na kiranta, ita kuwa ba ta ganinsa. Tsoro ya kama ta, ta fashe da kuka.

Gwaggo ce ta fito da muciya ta tarwatsa su. Ta gasa hanta, ta dangwarar a gaban kyanwa.

"Ci, ko ki tattara ki bar mini gida."

Kyanwa ta ci tana hawaye. Gobe hanta, jibi kifi, gata kindirmo. Nono ya dawo, ido ya buɗe. Amma ba ta gaya wa kowa ba.

Sai ga Ɓera ya fito da magariba, yana tafiyar ƙasaita. "Uwar Gida, ya ganye?"

Ta lumshe ido, ta ce, "Wane ne? Matso, Malam, ba na gani. Maimaita mini karatun nan."

Ya matso. "Ganye tsarki, nama..."

Caraf!

'Ya'ya suka yi ƙiba. Sai dai wutsiyar Auta ba ta sake tsirowa ba. Kullum in tana lashe shi ta iso kan guntun, sai ta tuna wautarta.

To kun ji. Ganye abinci ne, amma shi kaɗai ba ya riƙe jiki. Wanda zai bar nama da nono da ƙwai, ya fara sanin abin da zai maye gurbinsu, ya kuma duba wa ya ba shi shawarar. Ke Kande, da ke nake, na ga kifin da kika ture ɗazu.

Ƙurunƙus kan ɓera mai wa'azi!