Hannun da Aka Hana Ɗaukar Jika

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ɓoye bayinSa na gari a cikin jama'a, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Shehinmu, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka makwancinsa, malami ne da ya sha ilimi ya ƙoshi, masanin fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan ɗalibi ba, ko da ɗalibin ya kai mu taurin kai. A ƙarshen rayuwarsa ganinsa ya tafi gaba ɗaya, sai dai a karanta masa littafi yana gyara wa mai karatun, amma duk wanda ya zauna gabansa ya san cewa abin da Allah Ya karɓe a ido Ya ninka masa a zuciya. Ga ɗaya daga cikin karamominsa, kamar yadda ta faru ga wani ɗan'uwanmu a karatu da kowa ke kira Mai Katifa.

Shagon Mai Katifa ɗan siriri ne, buhunan auduga har rufi, ga sandar bugu, ga basilla da zare, ga tsofaffin katifu da mutane ke kawowa a farke a sake musu ciki. Mutumin kirki ne, ba ya fashin darasi, sai dai yana da hali ɗaya: in ya yanke hukunci a ransa, to ya gama. Susa kuwa ba baƙuwarsa ba ce. Tun yana koyon sana'a ƙurar auduga ke cin jikinsa, har ya zama yana susa bai san yana yi ba, saboda haka da ƙaiƙayin ya ƙaru masa a wannan shekara bai sa shi a lissafin ciwo ba, ya ce audugar bana ce ba ta da kyau.

A lokacin ne mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga gidan ƙanwarsa don ta zauna da su ta ga jikanta, wanda ya fara rarrafe. Tun ranar da ta sauka ta manne wa yaron, tana kiransa angonta, tana yi masa ƙorafin bai ba ta kuɗin cefane ba, shi kuma yana kama mata hanci yana ƙyalƙyala dariya. Inna tana da kirci a bayan hannuwanta tun tana matashiya, fatar ta bushe ta yi faso, wani lokaci tana ɓarewa, kuma da waɗannan hannuwan ta raini 'ya'yanta duka ba wanda ya taɓa kamuwa da shi.

Ba a yi kwana nawa da zuwanta ba sai ƙuraje suka feso wa yaron a tafin hannu da tafin ƙafa da hammata. Ya daina barci, ya daina wasa, sai murza ƙafafu da kuka. Uwarsa ta gwada hoda, ta gwada man shafawa, ta canza sabulu. Maƙwabta kuma kowacce ta zama likita: wannan ta ce ƙurajen zafi ne, waccan ta ce haƙori ne, wata ta rantse makero ne bai gama fitowa ba. Ta ƙarshensu kuwa ta tsaya tana kallon hannun Inna, sannan ta kalli uwar yaron ta taɓe baki.

Mai Katifa ne da kansa ya faɗa, yana kallon ƙasa. "Inna, ki ɗan bar ɗaukarsa tukuna, har ya samu sauƙi."

Ta dube shi, ta dubi hannunta. "To. Ai ba komai."

Daga ranar ta koma cusa hannuwanta cikin mayafi. Takan zauna can bakin ƙofa ta ce, "Angona, yau ma ba gaisuwa?" In yaron ya rarrafo wajenta yana miƙa hannu, sai ta tashi ta ce za ta duba ruwa a wuta. An ware mata kwano da tawul. Duk da haka ƙurajen ba su ragu ba, har uwar yaron ma ta fara sosa wuyan hannu. Wata safiya Inna ta ɗaure kayanta ta ajiye bayan ƙofa, ta ce gobe za ta koma gidan ƙanwarsa, kada ta ƙarasa musu yaro. Mai Katifa ya ji kamar an caka masa basillarsa a ƙirji, amma bai ce ta zauna ba, domin a ransa ya riga ya yarda ita ce.

Da wannan nauyin ya tafi darasi. Bai gaya wa kowa ba, niyyarsa in an tashi ya roƙi addu'a ga yaron kawai, don maganar uwa ba abin faɗa ba ce a bainar jama'a. Da aka shafa fatiha muka bi layi muna gaisawa da Shehi kamar kullum. Da Mai Katifa ya durƙusa ya miƙa hannu, sai Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya riƙe hannun bai saki ba, yana bin tsakanin yatsun da babban yatsansa a hankali, har ya kai wuyan hannu.

Ya ce, "Ka ce wa tsohuwa ta kwance kayanta."

Mai Katifa ya daskare. Da ƙyar ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ya…"

"Wannan ƙaiƙayin naka ba na auduga ba ne. Katifar nan mai shuɗin yadi da aka kawo maka gyara, ka ji daɗin barcin rana a kanta, ko?"

Nan gumi ya karyo masa. Watanni da suka wuce an kawo wata tsohuwar katifa mai laushi, mai ita ya yi jinkirin dawowa, shi kuma ya riƙa turo ƙofar shago bayan azahar yana miƙewa a kanta, ba wanda ya sani, ko matarsa.

Shehi ya yi murmushi ya ce, "Ni zan yi addu'a, likita ya yi dubawa, kowa da aikinsa. Ku tafi duk gidan, kada a bar kowa. Hannun da kuka hana, ta kansa sauƙi zai zo." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya.

A ranar suka tafi asibiti su huɗu, Inna na biye a baya da hannu cikin mayafi. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta kunna fitila, ta ɗauki madubi mai ƙara girman abu, ta fara da yaron: tafin hannu, tafin ƙafa, hammata, cibiya. Ta tambaya ko ƙaiƙayin ya fi tsanani in an kwanta, uwar ta ce ƙwarai. Sannan ta ce wa Mai Katifa ya buɗe yatsunsa. Ta nuna masa wani ɗan layi siriri kamar zare a ƙarƙashin fata, ta kankare kaɗan ta duba a na'ura, ta ce ya zo ya leƙa. Ya leƙa, ya ga wani abu mai ƙafafu yana motsi, ya ja da baya yana salati.

Ta ce, "Ƙazwa ce. Ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa fata ya yi ƙwai a ciki. Naka ya fi na kowa daɗewa, malam. Kuma yakan yi makonni a jiki kafin ƙaiƙayi ya fara, don haka yaron nan ya kamu tun kafin baƙuwarku ta zo."

Da ta zo kan Inna sai da ta lallashe ta kafin ta fito da hannuwan. Likitar ta riƙe su da kyau, ta juya su, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Wannan kirci ne, Mama, ba ya yaɗuwa. Ko jariri kika goya da shi ba abin da zai same shi. A duk gidan ke kaɗai ce ban ga alamar ƙwaron a jikinki ba."

Inna ta juya ta kalli ɗanta sama da ƙasa. "Ashe ni ya kamata in ware muku kwano."

Likitar ta yi dariya, uwar yaron ta rufe fuska da gyale, Mai Katifa kuwa ya so ƙasa ta tsage. A bakin ƙofar asibitin ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi, kada ka shafa mini."

An ba su magani, aka ce kowa ya shafa rana ɗaya, har Inna, tunda gida ɗaya ake kwana, a wanke zannuwa da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana, a kuma sanar da mai katifar nan don shi ma ya nemi magani. Da yamma aka zo shafa wa yaron, sai ya ce bai san zance ba. Uwar ta riƙe shi ya sulluɓe, uban ya riƙe shi ya sandare yana tsala ihu, maganin na zuba a tabarma. Inna na zaune bakin ƙofa inda ta saba. Uwar yaron ce ta tashi, idonta cike da hawaye, ta ɗora mata shi a cinya ta ce, "Inna, ke za ki shafa masa."

Yaron ya ja numfashi, ya kama mata hanci. Ta lakato maganin da hannun nan mai faso, tana bi masa tsakanin yatsu da tafin ƙafa da bayan kunne, tana cewa, "Angona, haka ake yi? Wata guda ba ko leƙe?" Kafin ta gama ya yi barci a jikinta, ta kuma ƙi yarda a ɗauke shi. Mai Katifa ya tuna maganar Shehi, ya fita tsakar gida ya yi kuka son ransa, sannan ya dawo ya kwance ƙullin kayanta da kansa.

Washegari ya kawo wa Shehi ragowar maganin, yana jin kunya, don ya tuna yadda Shehi ya daɗe riƙe da hannunsa. Mun zaci Shehi zai ce ba ya buƙata. Sai ya karɓa ya shafa a gabanmu, ya ce, "Ba mu yi wata yarjejeniya da ƙwaron ba." Ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Inna kuwa ba ta sake barin gidan ba, a hannunta yaron ya koyi tafiya.

Wannan kaɗan ne daga abin da muka gani na wannan bawan Allah, wanda bai taɓa yarda a kira shi mai karama ba. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ɗaukaka darajarsa, Ya sada shi da waɗanda yake ƙauna. Ya Allah, don albarkar bayinKa na gari, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka tsare mu daga zargin wanda bai ji ba bai gani ba, kuma kada Ka sa mu zama sanadin da iyayenmu za su ɓoye hannuwan da suka raine mu. Amin.