Muryar Babansu a Tsohuwar Kwamfuta

Autana yaro ne mai basira, ba zan tauye masa ba, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Idan abu ya ƙi masa, ba ya iya zama ya jira. Abokansa Injiniya suke ce masa, sunan kuma ya hau masa kai.

A falonmu akwai tsohuwar kwamfutar babansu, Allah ya jiƙansa. A cikinta hotunanmu suke, da muryarsa da ya ɗauka yana ba yara labari tun suna ƙanana, har da wurin da dariya ta sa shi tari. Ni ban yi nisa a boko ba, amma babbar 'yata, wadda aikin kwamfuta take yi a ofis, ta nuna min inda zan danna. Duk ranar da zuciyata ta yi nauyi, wurin nake zuwa in zauna.

Wata rana Auta ya ce, "Umma, kwamfutar nan tafiyar tsofaffi take yi. Ƙofar shigarta ce ta yi mata nauyi, wurin da kike rubuta suna da kalmar sirri. Zan sa mata wata mara nauyi, rubutu zalla, ba hoto."

Na ce, "Ni dai ka bar min ita yadda take."

"Haba Umma! Akwai manhajar da aikinta ke nan, ta saka ta cire. Layi ɗaya na umarni zan rubuta. In ba ta yi miki ba, layi ɗaya in cire."

Ya saka sabuwar, ya kashe tsohuwar. Da ya kunna, sai ga allo baƙi ƙirin da ɗan akwati a tsakiya, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Na ce, "Wannan ai sai ka ce an ɗauke wuta. Idona ba ya gani, mayar min da tawa."

Ransa ya ɓaci. Ya rubuta layin cirewa yana ƙunƙuni. Kwamfutar ta jero masa bayani tana tambaya, bai karanta ba ya amince. Ya cire sabuwar ƙofa, ya manta bai tayar da tsohuwar ba. Da ya sake kunnawa, babu komai sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa a cikin duhu.

Na kira yayarsa a waya. Ta saurara, ta ce a ba shi wayar. Ina jin ta tana cewa, "Kayan suna nan, ƙofa ce kawai babu. Kada ka sake taɓa komai, gobe in na tashi aiki zan zo."

"Yaya, wai raina ni kike yi?"

"Injiniyan gida, ka zuba hannuwanka a aljihu, ka ji ko?"

Washegari na fita kasuwa. Da na dawo na tarar allon ya yi haske, launi ko'ina, Auta yana ta murmushi.

"Umma, na gyara! Na sake mata tsari gaba ɗaya, tun daga tushe."

Ban ko ajiye kayan hannuna ba na ce, "Kunna min babanku."

Ya danna nan, ya danna can. Murmushin ya tafi. Ashe sabon tsarin ya share duk abin da ke ciki ya zauna a kai.

Yayarsa ta zo ta daɗe tana fama. Ta ceto hotuna kaɗan, wasu rabin fuska kawai. Murya kuwa ko kalma ɗaya ba ta dawo ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Layi ɗaya ne da zai tayar da tsohuwar ƙofar, Auta."

Kwanakin baya Auta ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce zai ba ni labarin yadda babansu yake bayarwa. Ya fara daidai, har da gyaran murya irin nasa. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya ce, "Umma, daga nan me ya ce?" Ni ma na nema a kaina, ban samu ba.

Don haka nake roƙon 'ya'yanmu masu ilimin zamani: kafin ku amince da abin da na'ura ta tambaye ku, ku karanta. Abin da ba shi da na biyu, ku kwafe shi ku ajiye a wani wuri kafin ku fara gyara. Idan kuma wanda ya fi ku sani ya ce ku jira, ku jira. Kuskuren farko sau da yawa yana gyaruwa, gaggawar rufe shi ce take jawo asarar da ba ta dawowa.