Lamont Mai Askin Baranda

A wata unguwa ta kudancin birnin Memphis an yi wani saurayi mai suna Lamont Gaither, wanda Allah ya hore wa hannun aski. Tun yana ɗan yaro yake aske samarin layinsu a barandar kakarsa, da kilifa ɗaya, wato injin aski, da kujerar roba. In ya fitar wa mutum layin goshi, sai ka rantse da rula aka ja shi. Aibinsa ɗaya ne, girman kai, wanda aka ce rawanin tsiya ne. Ya bar sakandare bai gama ba, kuma duk wanda ya yi masa maganar karatu sai ya ɗaga masa yatsu ya ce, "Ga digirina nan guda goma." Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne karatu yana ba shi wuya, kuma tun ranar da 'yan aji suka yi masa dariya ya tsani littafi.

A bakin titi akwai shagon aski na wani dattijo, Cleophus Hargrove. Shagon nan shi ne majalisar unguwa, can ake musun ƙwallon kwando, can ake tsefe wa'azin fasto. Amma hannun tsohon ya soma rawa, 'ya'yansa kuma duk sun yi Atlanta, babu mai sha'awar sana'ar. Wata rana ya aika aka kira masa Lamont.

"Ɗan nan, ina ganin kawunan da kake askewa," in ji shi. "Kana da hannu. Ni na kusa ajiye almakashi, kuma ba na so shagon nan ya koma wurin sayar da taya. Je ka yi makarantar aski, ka samo lasisi, shago naka ne."

Lamont ya yi dariya. "Haba Baba, ni za a koya wa aski? Ai malaman can in suka ga hannuna, layi za su bi."

"Hukuma ba ta san hannu ba, takarda ta sani. Kuma akwai abin da ke cikin littafin nan wanda hannu bai sani ba."

Wani tsoho mai sanƙo, Mista Tibbs, wanda kullum yana shagon ko da yake ba shi da abin askewa, ya leƙo ta bayan jarida ya ce, "Ƙyale shi, Cleo. Farfesan baranda ne, sai dai mu mu je ɗaukar darasi."

Lamont ya fice yana busa iska, yana ganin tsofaffin nan hassada ce ke cin su.

Asabar ɗin jajiberin Ista ta zo. Ranar kuwa babu uwar da za ta yarda ɗanta ya shiga coci washegari da kai buzu-buzu. Tun da safe yara suka cika barandar har tsakar gida. Lamont sai aiki yake kamar inji. In ya gama da wannan, ya hure kilifa da baki, ya goga a wando, ya ce na gaba. Cikinsu akwai wani yaro da ke da busasshen tabo zagayayye a ƙeya. Lamont ya ɗauka amosani ne, ya bi ta kai ya wuce. Wanda ya bi bayan yaron a kujera kuwa Micah ne, ɗan yayarsa Renita.

Ba a yi wata ba makero ya bazu a kawunan yaran layin. Gashi ya dinga zubewa ƙwarya-ƙwarya. Na Micah ya fi muni, don har ya kumbura ya yi ruwa, likita ya ce akwai wurin da ba lallai gashi ya sake tsirowa ba. Renita ta dawo daga asibiti ta same shi a baranda. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

"Likita ya tambaye ni da me mai askin yake wanke kilifarsa," in ji ta. "Da me kake wankewa, Lamont?"

Ya sunkuyar da kai. "Hurewa nake, Yaya."

"Hurewa," ta maimaita. Ta ja hannun ɗanta suka shige.

Daga ranar baranda ta yi tsit. Kunya da baƙin ciki suka hana Lamont fita, sai da ya ji labarin wani ya zo taya shagon Hargrove sannan ya lallaɓa ya je. Tsohon bai ce masa ai na gaya maka ba. Ya ɗauko wani katon littafi daga kanta, ya buɗe, ya tura masa. Ga hoton tabon nan sak, irin wanda ya gani a ƙeyar yaron.

"Karanta abin da ke ƙasa," in ji Hargrove.

Lamont ya daɗe yana kallon shafin. Can ya ce, "Baba, gaskiya karatu wahala yake ba ni. Shi ya sa na gudu."

"To yau ka faɗi magana. Mai sayen nan na ce masa ya dakata. Amma ka dubi hannuna, ka san ba zan iya jira har abada ba."

Lamont ya shiga ajin manya na yamma a ɗakin karatu na unguwa, da safe kuma yana lodi a wani sito. Ya zauna aji ɗaya da kakanni da direbobi, yana bin layi da yatsa, babu mai dariyar wani. Ya ci jarrabawar gama sakandare, ya shiga makarantar aski. Can ya tarar makonnin farko ko kilifa ba a taɓawa. Sunayen cututtukan fata ake koya, da yadda ake wanke kayan aiki a tsoma su a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da lokacin da mai aski ya kamata ya ce wa mutum a'a, je ka ga likita.

Da jarrabawar lasisi ta zo, ta aikin hannu ya cinye ta kamar wasa, ta rubutu kuwa ta kayar da shi. Ya dawo gida ya wurgar da littafin, ya ce shi ya haƙura. Kakarsa, Odessa, tana gyaran ganye a kicin, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"A kan takarda ka faɗi wannan karon, ba a kan ɗan wani ba," in ji ta. "Wannan faɗuwar mai sauƙi ce. Ɗauke littafin nan daga ƙasa kafin in zo."

Ya ɗauke. Ya sake zama ya ci karatu, Renita da kanta ta riƙa yi masa tambayoyi ranar Lahadi bayan coci. A zuwa na biyu ya ci.

Ranar da ya shigo shago da lasisinsa, Hargrove ya karɓa ya duba, ya rataye a bango kusa da nasa. Sannan ya yi abin da ya ba kowa mamaki: ya hau kujerar aski ya zauna.

Mista Tibbs ya ajiye jarida. "Tun muna samari ban taɓa ganin Cleo ya ba wani kansa ba. Ashe wanzami yakan yarda da jarfa."

Lamont ya wanke hannu, ya ɗauko tsabtataccen mataji, ya shiga buɗa furfurar tsohon a hankali yana dubawa.

"Me kake nema a ciki, zinariya?" in ji Hargrove.

"Dubawa nake, Baba. Ba na taɓa kan kowa sai na duba."

Idon tsohon ya kawo ruwa. Da aka gama ya dubi madubi, ya cire farar rigarsa ta aiki, ya sa wa Lamont mabuɗin shago a tafin hannu. Ya koma bencin masu jira ya zauna kusa da Tibbs, ya ce, "Gobe ka buɗe da wuri. Ni daga yau musu kawai zan riƙa zuwa yi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa kyauta ce, amma ba ta isar mutum ita kaɗai. Hannun da bai da ilimi yana iya cutar da wanda ya fi ƙauna ba tare da ya sani ba, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wanda kuma ya ajiye girman kai, ya faɗi inda ya gaza, ya jure wahalar koyo ko da ya faɗi ya sake tashi, ƙofar da ya rufe wa kansa za ta buɗe. Kada kunyar jiya ta hana ka komawa aji yau, don gemu ba ya hana ilimi.